Koya wa Yaran Firamare Lokaci Mai Ci na Turanci: Jagora ga Malamai da Iyaye a Katsina

A cikin sigogin aikatau na Turanci, babu wadda ta fi kusa da yaron Bahaushe kamar wadda littattafan makaranta suke kira present continuous tense, wato sigar da ake faɗin aikin da ake cikin yi a daidai lokacin da ake magana. Dalili kuwa shi ne Hausa tana da irinta, wadda masana nahawu suke kira lokaci mai ci, kuma yaro ɗan shekara uku a Rafindadi ko Ƙofar Ƙaura ya riga ya iya ta tun kafin a kai shi makaranta, domin kullum yana cewa "ina wasa", "Umma tana girki", "suna zuwa". Saboda haka malami ba ya buƙatar ɓata lokaci wajen bayyana ma'anarta. Aikin da ke gabansa biyu ne: ya sa bakin yaro ya saba da yadda Turanci yake gina jimlar, daga baya kuma ya nuna masa wuraren da "yana" da "tana" suke shiga a Hausa amma Turanci bai yarda takwararsu ta shiga ba.

Ginin jimlar kashi uku ne: mai aikin, sai ɗaya daga cikin am, is da are, sai aikatau mai ɗauke da -ing a ƙarshe, kamar "I am reading" ko "They are playing". Wannan bayani na malami ne. Yaron aji ɗaya zuwa aji uku ba ya buƙatar jin sunan sigar, balle ya haddace ma'anarta daga allo, kuma ajin da ya iya rera ma'anar da ƙarfi sau da yawa shi ne yake kasa faɗin abin da ɗan'uwansu yake yi a gabansu.

Shirin da ake yi kafin shiga aji

Malami ya zaɓi aikatau shida zuwa takwas waɗanda ake iya yi a cikin aji kowa ya gani, kuma ba sa buƙatar wata kalma a bayansu: jump, clap, walk, run, sleep, cry, laugh, read. Ya tabbata yara sun san I, he da she, ko da da nuni ne. Ya tanadi hotuna idan akwai, idan babu ya zana 'yan mutane na kara a allo da alli, ya kuma shigo da kayan da ke kusa, irin su tsintsiya, kofi, littafi da buta. Darasin ƙananan azuzuwa yawanci ba ya wuce minti 30 zuwa 35, don haka kada a yi niyyar gama wannan batu a rana ɗaya. Aiki ne na makonni biyu ko uku, ana yi ana komawa baya.

Mataki na farko: kunne da jiki

Ana farawa da umarni. Malami ya ce "Jump", ya yi tsalle, yara su yi. Ya ce "Clap", ya tafa, su tafa. A wannan lokaci ba a neman su faɗi komai. Wannan hanya ta haɗa kalma da motsin jiki, wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka mai suna James Asher ne ya tsara ta a shekarun 1960, bisa lura da cewa yaro yakan daɗe yana fahimtar harshe kafin ya fara furta shi. Ta dace da ajinmu ƙwarai, domin ba ta buƙatar littafi ko lantarki, kuma ana iya yin ta da yara 70 kamar yadda ake yi da 20.

Da umarnin ya zauna, sai malami ya fara faɗin abin da yake yi yana cikin yi. Yana tafiya daga bakin ƙofa zuwa taga yana cewa "I am walking, I am walking", idan ya tsaya sai ya yi shiru. Wannan shirun yana da muhimmanci kamar maganar, domin shi ne yake koya wa yaro cewa jimlar tana tafiya ne tare da aikin, idan aikin ya ƙare ita ma ta ƙare. Kuskuren da ake yawan gani shi ne a kira yaro ya yi tsalle sau ɗaya ya tsaya, sannan aji ya ce "He is jumping", alhali yaron yana tsaye yana kallonsu. Ashe an koya musu faɗin abin da ba ya faruwa. Dole yaron ya ci gaba da tsallen har a gama jimlar, kuma saboda haka ne ayyuka irin su tafi, shara da tafiya suka fi dacewa, tun da ana iya jan su.

Babu laifi malami ya yi amfani da Hausa sau ɗaya a nan, ya ce: "Yara, idan na ce I am walking, ina nufin ina tafiya." Jimla ɗaya ta wadatar, sai a koma Turanci.

Mataki na biyu: am, is da are

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ya kamata a daɗe. Ɗafa-ƙeyar -ing ba ta ba yara wahala, a rana ɗaya suke ɗaukarta. Abin da yake zamewa shi ne ƙaramar kalmar da ke tsakiya, sai ka ji "I reading" ko "She cooking". Wannan ba alamar daƙiƙanci ba ce. Roger Brown na Jami'ar Harvard ya bi yara uku masu tasowa da Turanci a matsayin harshen uwa, ya wallafa abin da ya gano a 1973: daga cikin ƙananan alamomin nahawu 14 da ya duba, -ing ce ta fara zama a bakinsu, yayin da am, is da are masu rakiyar aikatau suka zo cikin na ƙarshe-ƙarshe. Idan ɗan da aka haifa cikin harshen yana jinkiri a nan, ɗan Katsina da ba ya jin Turanci sai a makaranta ya cancanci a yi masa haƙuri.

Akwai kuma dalili daga Hausa. A wurin yaro "yana", ko "shina" kamar yadda ake ji a bakin wasu a yankinmu, kalma ɗaya ce da ta haɗa mai aikin da lokacin aikin, don haka idan ya ce he sai ya ga kamar ya riga ya faɗi "yana" ɗungum. Maganin shi ne a koyar da "I am", "he is" da "she is" a haɗe, kada a taɓa raba su a kwanakin farko, yaro ya ɗauki "he is" a matsayin "yana", "she is" kuma "tana".

A bi su ɗaya bayan ɗaya. Rana ta farko "I am" kawai, kowane yaro yana aikin yana nuna ƙirjinsa. Rana ta biyu a fito da yaro ɗaya da yarinya ɗaya gaban aji, a yi "He is clapping" da "She is sweeping". Bahaushe yana da sa'a a nan, domin harshensa ya riga ya raba namiji da mace, ba kamar wasu harsunan Nijeriya da suke da wakilin suna ɗaya ga duka biyun ba. Sai "we are" da "they are", inda ake raba aji gida biyu: layin dama yana tafi yana cewa "We are clapping", layin hagu yana nuna su yana cewa "They are clapping", sannan a juya. "You are" ta zo daga ƙarshe, kuma a bayyana a fili cewa ita kaɗai ce take tsaya wa "kana", "kina" da "kuna", domin yara sukan yi mamakin yadda ake ce wa mutum ɗaya are. Ita kuwa it, wadda Hausa ba ta da irinta, a gabatar da ita da dabbobi da abubuwa: akuya tana cin ciyawa, "It is eating", ana ruwa, "It is raining".

Wata dabara mai amfani ita ce ta yatsu uku. Malami ya ɗaga yatsu uku, yana taɓa kowanne yana faɗin kashi ɗaya na jimlar: she, is, reading. Idan yaro ya ce "She reading", malami ba sai ya yi magana ba, ya kama yatsan tsakiya ya girgiza, yaron da kansa zai cike gurbin. Bayan 'yan kwanaki yara sukan fara yi wa junansu wannan alama.

Idan aka fara sa suna, wani kuskure zai ɓullo, wato "Musa he is running". Tushensa Hausa ne, domin muna cewa "Musa yana gudu", suna da wakilinsa a jere. A nuna musu da yatsun nan cewa wurin farko mutum ɗaya yake ɗauka, ko dai Musa ko he, ba su biyu ba. Amma fa kada a shigo da sunaye sai "he is" da "she is" sun kafu.

Game da gajerun sigogi irin su I'm, he's da they're, ra'ayina shi ne a bar su sai daga baya. Gaskiya ne su ake ji a maganar yau da kullum, amma a babban aji wanda yaran baya ba sa jin malami sosai, ƙaramin sautin nan yana ɓacewa a iska, yaro ya ji "He running" ya kuma maimaita haka.

Mataki na uku: tambaya da korewa

A koyar da "What are you doing?" da "What is she doing?" a matsayin magana guda, ba tare da an fasa su ba. Malami ya tambaya aji ya amsa, sannan layi ya tambayi layi, sannan yaro ya tambayi na kusa da shi. Matakin ƙarshen nan ne ake yawan tsallakewa saboda tsoron hayaniya, alhali a nan ne kowane yaro yake buɗe baki. A amsar gayya, rabin aji motsa leɓe kawai suke yi.

Tambayar e ko a'a tana buƙatar kulawa, domin Hausa ba ta juya kalmomi. Muna cewa "Yana barci?" mu ɗaga murya, ko mu ƙara "shin" ko "ko", amma Turanci yana ɗauko is ya kai gaba: "Is he sleeping?" A rubuta kalmomin uku a kan kwalaye, a ba yara uku su riƙe a gaban aji, sai mai riƙe da is ya taso ya koma farkon layi kowa yana gani. Korewa ta fi sauƙi, mai riƙe da is ya koma wurinsa na da, sai yaro na huɗu mai riƙe da not ya shiga bayansa. Don a sa su yin korewa da gaske, malami ya faɗi abin da ba haka ba: ya nuna yarinya mai rubutu ya ce "She is sleeping", aji kuwa zai ɗauka da murna, "No, she is not sleeping, she is writing." Babu abin da yara suke so kamar gyara wa Malam.

Mataki na huɗu: fitar da jimlar daga cikin aji

Idan an tsaya ga jump da clap, yara za su ɗauka wannan sigar ta wasan aji ce kawai. A kai su bakin taga ko harabar makaranta, musamman dab da fita tara, a tambaye su abin da suke gani: mai ƙosai tana suya, ɗan acaɓa yana wucewa, mai gadi yana alwala, 'yan aji shida suna ƙwallo. A nan ne ake shigo da aikatau masu karɓau, wato masu buƙatar wata kalma a bayansu, kamar "She is frying bean cakes" da "He is riding a motorcycle". Hoton hawan Salla daga tsohuwar kalanda ya isa darasi guda, domin akwai masu hawan doki, masu kiɗa, masu busa algaita da masu kallo. Haka ma hoton masu jan ruwa a rijiyar Kusugu ta Daura. Yaro ya fi saurin magana a kan abin da ya sani fiye da hoton yaran wata ƙasa suna wasa da dusar ƙanƙara.

Wasan kwaikwayon bebe yana aiki a kowane aji: malami ya raɗa wa yaro aiki a kunne, ya fito ya kwaikwaya, sauran su canka da cikakkiyar jimla, wanda ya ce "eating" kawai ba a ba shi maki. Wasannin gida ma suna shiga, mai langa "He is hopping", 'yan mata masu gaɗa "They are singing".

Lafazi

Katsina tana da tarihi a wannan fanni, domin Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina da aka kafa a 1921, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ta yi suna wajen kula da yadda ɗalibanta suke furta Turanci. Malamin firamare ba ya buƙatar kaiwa can, amma abubuwa uku sun cancanci minti biyu a kowane darasi. Na farko shi ne p da f, domin Hausa ba ta raba su, kuma "playing" da "jumping" suna cikin kalmomin da ake fara koyarwa. A riƙe 'yar takarda gaban baki: p tana fita ne bayan an rufe leɓɓa gaba ɗaya, sai iska ta bugi takardar. Na biyu shi ne baƙaƙe biyu a jere, inda yaro yake cusa wasali ya mai da "sleeping" ta zama "silifin". A ja sautin s tukuna, sannan a faɗa kan sauran kalmar. Na uku shi ne ƙarshen -ing, kuma a nan Hausa tana taimakawa. Idan Bahaushe ya ce "nan" ko "can" ya tsaya, sautin ƙarshe daga can bayan baki yake fita, kuma shi ne kusan sautin da ake nema. Abin gudu shi ne a fito da g a fili har a ƙara mata wasali.

Mataki na biyar: rubutu

Ba a zuwa rubutu sai baki ya iya. A zana jadawali mai gida uku a allo, gida na farko masu aiki, na biyu am, is, are, na uku aikatau, yara su riƙa haɗa jimloli da baki kafin su kwafa. Daga nan sai cike gurbi, sannan kowa ya zana wani a gidansu yana aiki ya rubuta jimla ɗaya a ƙasa.

Ƙa'idojin rubuta -ing kuwa a raba su kwana-kwana. Yawancin aikatau ana liƙa musu ita ne kawai: read, reading, play, playing. Masu ƙarewa da e wadda ba a furtawa suna yar da ita: write, writing, make, making, dance, dancing. See ba ta ciki, seeing ake rubutawa. Masu gaɓa ɗaya da suke ƙarewa da wasali ɗaya da baƙi ɗaya suna ninka baƙin: run, running, sit, sitting, clap, clapping, swim, swimming. Idan wasula biyu ne a jere, kamar a eat, sleep da cook, ba a ninkawa, haka kuma ba a ninka w, x da y. Ƙalilan masu ƙarewa da ie suna mai da ita y: lie, lying, tie, tying. Wannan ta ƙarshe ana iya barinta sai aji uku.

Akwai abin lura a kan ninka baƙi. A Hausa baƙin da aka ninka ana furta shi a ninke, shi ya raba "baba" da "babba". A Turanci ninkawar ta rubutu ce kawai, n ɗaya ake ji a "running". Yaron da ya iya karatun Hausa zai so ya danna ta, don haka a gaya masa.

Mataki na shida: inda "yana" ta wuce iyaka

Wannan mataki na yaran da suka riga suka saba ne, aji uku zuwa sama, amma malami ya san shi tun farko don kada shi kansa ya shuka kuskuren. Lokaci mai ci na Hausa ya fi na Turanci faɗi. Muna cewa "ina da biro", "ina son alewa", "ina jin Turanci", sai yaro ya ce "I am having a pen", "I am wanting sweets", "I am hearing English". Turanci ba ya sa -ing a kan mallaka, so, sani da fahimta a irin waɗannan jimloli, yana cewa ne "I have a pen", "I want sweets", "I understand English". Gwaji mai sauƙi ga yaro shi ne a tambaye shi ko zai iya tashi ya kwaikwayi aikin. Ana iya kwaikwayon shara, ba a iya kwaikwayon mallakar biro. Gwajin bai rufe komai ba, amma ya wadatar a wannan shekaru.

Haka kuma muna cewa "ina zuwa Islamiyya kullum", wanda a Turanci "I go" ne, tun da al'ada ce, da "jiya da magariba ina karatu", wanda yake buƙatar was. "Yana gida" ba ta da -ing ko kaɗan, "He is at home" ce. Hanyar kariya ita ce a riƙa maƙala now a ƙarshen jimlolin darasi, har kunnen yaro ya haɗa sigar da yanzu. Sai kuma "I am coming" da ake faɗa idan za a fita a dawo, wadda ta yi daidai da "ina zuwa" tamu kuma ta zama ruwan dare a Turancin Nijeriya. Yaro zai ji ta ko'ina, amma ya san cewa a jarrabawa da wajen baƙi tana nufin mutum yana tahowa, mai fita kuwa "I will be back" yake cewa.

Gyara da auna fahimta

Idan yaro ya yi kuskure yana tsakiyar magana, a bar shi ya ƙarasa, sannan malami ya maimaita jimlar daidai kamar yana amsa masa, ko ya ɗaga yatsu. Bulala da dariyar aji suna rufe bakin yaro, kuma wanda ya daina magana ba a iya gyara masa komai.

Aunawa da baki ta fi ta takarda a wannan mataki. Malami ya riƙa kiran yara biyar a kowace rana yayin da sauran suke rubutu, ya nuna wa kowanne hoto, ya duba abu uku a gaban sunansa: ya sa am, is ko are, ya zaɓi wadda ta dace, ya kuma iya yin tambaya da kansa. Iyayen da ba sa jin Turanci su ma suna da rawar takawa, domin uwa tana iya ce wa ɗanta da yamma ya faɗa mata da Turanci abin da kowa yake yi a tsakar gida, yayansa ko yayarsa su saurara su gyara. Idan mafi yawan aji suna kawo abubuwan nan uku ba tare da an ɗaga musu yatsa ba, sai a shigo da gajerun sigogi, sannan a fara jera "I am eating now" kusa da "I eat every day", yaran da suka rage kuma a ci gaba da su a minti biyar na farkon kowane darasi.